Zauren Manazarta: "Sun ce za su buga mini cikin mako guda"

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato buga maƙala a mujallar ilimi. Ban yi mamaki ba. Lokacin haɗa takardun ƙarin girma ya matso a jami'o'i da kwalejoji da dama, masu digiri na biyu da na uku kuma ana ta tambayarsu ina abin da suka buga. Na zaɓi guda biyar. Ta farko ce za ta cinye mafi yawan filin, saboda abin da ke cikinta ya shafi sauran.

TAMBAYA: Mama Farfesa, ina gaisuwa da fatan alheri. Na kammala digiri na biyu a fannin aikin gona. Bincikena a kan ajiyar wake ne: na kwatanta buhun nan mai leda biyu a ciki da buhun gama-gari da kuma jarka, tsawon wata shida ina ƙirga ƙwari ina auna asarar nauyi. Malamin da ya duba aikina ya ce in fitar da maƙala daga cikin kundin, amma bai samu sukunin nuna mini yadda ake yi ba. Ana cikin haka sai ga saƙon imel daga wata mujalla ta ƙasar waje, suna kirana Farfesa, sun ce in turo aikina za su buga cikin mako guda idan na biya dala 80. Wata ƙawata ta buga a wurinsu, har satifiket suka ba ta. In tura musu? In kuma ba haka ba, ta ina zan fara?
Wata ɗaliba daga Dutse

AMSA: 'Yata, kada ki tura. Wata shida kika yi kina buɗe buhu kina ƙirga ƙwari ɗaya bayan ɗaya, na san wannan aiki domin na yi irinsa, kuma bai cancanci a jefa shi inda ba wanda zai karanta ba.

Ki lissafa da kanki. Idan maƙala ta isa mujallar kirki, edita zai fara dubawa ko ta dace da fagensu. Sai ya nemo masana biyu ko uku da suka san fannin, ya roƙe su su tantance, kuma yawancinsu ba a biyansu ko kwabo, suna yi ne a tsakanin koyarwa da makin jarrabawa. Samun wanda zai amsa ma kawai yakan ci makonni. Su karanta, su rubuta rahoto, edita ya yanke hukunci, ki gyara, a sake dubawa. Ta yaya wannan zai shiga cikin kwana bakwai? Wanda ya yi miki alkawarin mako guda ya riga ya gaya miki cewa ba wanda zai karanta aikinki.

An taɓa gwada wannan a fili. A 2013 wani ɗan jarida masanin kimiyya, John Bohannon, ya ƙirƙiro maƙalar ƙarya a kan wani sinadari da aka ce yana kashe ƙwayoyin cutar kansa, ya cika ta da kurakuran da duk mai ilimin fannin zai gani nan take, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa, 98 suka ƙi. Mujallar Science ce ta buga rahoton. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sunayen da ya ƙaga wa marubutan, masu kama da na 'yan Afirka ne, da cibiyoyin bincike na ƙarya a biranen Afirka, domin ya san in edita ya neme su a intanet bai same su ba, ba zai yi zargin komai ba. Irin waɗannan mujallu mu suke farauta, mu da aka matsa mana lamba mu buga, kuma ba kowa ke da mai nuna masa hanya ba. Jeffrey Beall, wani ma'aikacin laburare a Jami'ar Colorado da ke Denver a Amurka, ya yi shekaru yana tattara sunayensu kafin ya rufe jerin a farkon 2017, amma su ba su daina yaɗuwa ba.

Ba kowace mujalla mai karɓar kuɗi ce ta bogi ba, kada ki ɗauke shi haka. Akwai manya masu mutunci da ke karɓar kuɗin bugu don kowa ya karanta kyauta, kuma wasunsu na rage wa ko yafe wa marubuta daga ƙasashe irin namu idan aka nema tun wajen turawa. Bambancin shi ne su sai sun tantance, suna kuma iya ƙin aikinki ko da kina da kuɗin a hannu. Satifiket ɗin ƙawarki kuwa ba shi da wani nauyi. Ranar da takardunta na ƙarin girma suka je hannun masu tantancewa na waje, mujallar za su duba, ba satifiket ba, kuma na zauna a kwamitin da aka soke wa mutum maƙala bayan maƙala saboda inda ya buga su. Ban ji daɗin ranar ba ko kaɗan, domin wasu daga cikin ayyukan nasa masu kyau ne.

To ta ina za ki fara? Ki fara da zaɓen mujalla, kafin ki rubuta ko layi ɗaya. Yawancin ɗalibaina sukan juya abin: su gama rubutu sannan su shiga neman inda za su kai. Buɗe shafin manazarta na kundinki ki duba mujallun da suka fi maimaituwa. Nan ne mutanen da ke irin aikinki suke tattaunawa. A fagenki na tabbata za ki ga Journal of Stored Products Research, domin bincike da yawa a kan buhunan PICS, wato masu leda biyun nan, waɗanda Jami'ar Purdue ta samar tare da masu bincike na Afirka, a can aka buga su. Babbar mujalla ce, shigarta da wuya, amma ko ba za ki tura can ba ki karanta ki ga yadda ake jera irin aikinki. Daga nan ki leƙa African Journals Online, wadda aka fi sani da AJOL. Tun 1998 take, tana ɗauke da ɗaruruwan mujallun Afirka, har da na jami'o'inmu, kamar Bayero Journal of Pure and Applied Sciences ta Kano da Nigerian Journal of Basic and Applied Sciences ta Sakkwato. Akwai kuma DOAJ, rumbun mujallun da ake karantawa kyauta, wanda aka fara a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin a 2003. Idan mujalla ta ce tana cikin Scopus, babban rumbun da ke jera mujallun da ya tantance, kada ki yarda da tambarin da ta liƙa a shafinta, ki je shafin Scopus ɗin ki rubuta sunanta ko lambar rajistarta ta ISSN, duba jerin mujallun kyauta ne. Ki lura da suna sosai, domin masu bogi kan ɗauki sunan sananniyar mujalla su canja kalma ɗaya, wani lokaci ma su kwaikwayi shafinta sukutum. Kama da wane ba ta wane. Lambar ISSN ita kaɗai ba shaidar inganci ba ce, rajista ce kawai.

Idan kin tsayar da biyu ko uku, ki sauke maƙaloli uku daga fitowarsu ta baya-bayan nan ki karanta da biro a hannu. In kin ga rubutu cike da kurakurai, ko maƙalar kiwon kaji kusa da ta dokar aure kusa da ta lissafi duk a fitowa ɗaya, kin samu amsarki. Sannan ki tambayi sashenku ko suna da jerin mujallun da jami'a ta amince da su.

Yanzu kundin. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ɗauki babi biyar ya yi ta datsewa har su koma shafi goma sha biyar. Abin da ke fitowa kundi ne da aka matse, ba maƙala ba. Kundi an rubuta shi ne don ki nuna wa malamai kin yi karatu. Maƙala kuwa don ki gaya wa masana abu ɗaya da ba su sani ba. Ki rufe kundin, ki ɗauki takarda, ki rubuta a jumla ɗaya abin da kika gano. Misali: wake a buhu mai leda biyu ya yi wata shida da asara kaza, na buhun gama-gari ya yi asara kaza, jarka kuma ta tsaya a tsakani. In jumlar ta ƙi fitowa, ba ki shirya ba tukuna. In kuma jumla biyu masu cin gashin kansu suka fito, wataƙila maƙala biyu gare ki, amma kada ki yayyanka aiki ɗaya gida huɗu don yawan lissafi, editoci sun san wannan dabara.

Ni ba na fara rubutu daga gabatarwa. Jadawali da zane nake fara shiryawa, uku ko huɗu waɗanda suka ɗauki labarin, in baza su a kan tebur in ga wane ya kamata ya zo kafin wane. Sai in rubuta hanyar gudanar da bincike, kuma a nan nake son ki zauna ki daɗe. Wane irin wake ne, daga ina kika samo shi? Nawa ne danshinsa ranar da kika zuba? Kilo nawa a kowane buhu, buhu nawa ga kowane gwaji? Ƙwarin da kansu suka shiga ko ke kika saka, guda nawa? Yaya zafin ɗakin ajiyar yake, a wane wata kika fara? Da wace manhaja kika yi lissafi, da wane gwajin ƙididdiga? Ma'aunin shi ne wani a Maraɗi ko Marwa ya iya ɗaukar takardarki ya maimaita aikin ba tare da ya buga miki waya ba. Bayan haka sai sakamako, alƙaluma tsurarsu ba sharhi, kuma abin da ke cikin jadawali kada ki sake karanto shi duka a cikin rubutu. Sharhin yana zuwa a sashen tattaunawa: me sakamakon yake nufi, ina ya dace da na waɗanda suka gabace ki, ina ya saɓa, kuma ina aikinki ya gaza. Faɗin gazawar da bakinki ba ya rage miki daraja. In kakar ajiya ɗaya kika yi a wuri ɗaya, ki faɗa, kada ki yi magana kamar kin gwada a duk Arewa.

Gabatarwa ta biyo baya, gajeriya. Babi na biyu na kundinki, na bitar ayyukan da suka gabata, kusan dukansa zai zauna a gida, na san da ciwo. Sakin layi uku ko huɗu sun isa: ga matsalar, ga abin da aka sani, ga giɓin da ya rage, ga abin da na yi. Ba sai kin gaya wa masanin ajiyar hatsi cewa wake abinci ne mai gina jiki ba. Tsakure, wato taƙaitaccen bayanin aikin da ke zuwa a farkon maƙala, da take su ne na ƙarshe. Tsakuren yawanci kalma 150 zuwa 250 ne, kuma ki sa ainihin alƙaluman a ciki, domin mutane da yawa iyakarsu ke nan, har da editan da zai yanke shawarar ko ya aika wa masu tantancewa ko ya mayar miki.

Kowace mujalla tana da shafin ƙa'idoji ga marubuta. Ki buga shi a takarda ki bi layi-layi kina sa alama: yawan kalmomi, tsarin madogara, ko APA ne ko Vancouver ko nasu na gida, yadda suke son jadawali, da ko suna so a cire sunanki daga jikin maƙalar don kada masu tantancewa su san ke ce. Na yi aikin edita a wata ƙaramar mujalla, kuma takardar da ta zo da tsarin wata mujallar daban nan take nake gane daga inda aka koro ta. Ki sauke manhajar Zotero, kyauta ce, za ta jera miki manazarta ta kuma canja musu tsari in kin koma wata mujallar. Ki yi rajistar ORCID, lamba ce mai alƙaluma 16 da ke bambanta ki da duk mai suna irin naki, ita ma kyauta. A ƙasar da Aisha Muhammad da Fatima Abubakar suka cika kowace tsangaya, wannan lamba ba ƙaramin amfani gare ta ba.

Sai batun satar fasaha. Mujallu da yawa suna saka maƙala a manhajar iThenticate ko Turnitin kafin kowa ya karanta. Duk jumlar da kika kwafo daga wani a lokacin rubuta kundi, ko da kin manta, za ta fito da launi. Hanyar tsira ita ce ki karanta, ki rufe littafin, ki faɗa da kalmominki, ki kuma ambaci mai shi. Canja kalma ɗaya-ɗaya ba ya wanke mutum.

Daga ƙarshe ki haɗa da gajeriyar wasiƙa ga edita, rabin shafi: taken aikin, abin da kika gano, dalilin da ya sa ya dace da masu karanta mujallarsu, da tabbacin cewa ba ki buga shi ko tura shi wani wuri ba. Kafin ki danna turawa, malaminki ya karanta ya amince, tun da sunansa zai fito. Ki kai masa a buge a takarda, ki ce masa ranar kaza za ki dawo karɓa. Malamai sun fi saurin duba abin da ke kan tebur fiye da wanda ke cikin imel.

TAMBAYA: Ranki ya daɗe, bayan wata biyar an dawo mini da maƙalata da shafi uku na gyare-gyare daga mutum biyu. Edita ya ce in yi babban gyara in sake turowa. Na biyun ya yi mini kaca-kaca, kuma a wuri ɗaya na tabbata shi ne bai fahimta ba. Zuciyata ta ce in janye in kai wani wuri.
Wani malamin kwaleji daga Gusau

AMSA: Ƙanena, ina taya ka murna, kuma da gaske nake. Edita bai rufe ƙofa ba. Wanda aka ce ya gyara ya dawo, an ga abin kirki a aikinsa.

Maƙalata ta farko a kan garin ganyen darbejiya ce wajen kare hatsi daga ƙwari. A keken rubutu aka buga ta, kwafi uku, na kai gidan waya da kaina. Bayan watanni ambulan ta dawo. Ina tsaye a barandar sashenmu na buɗe, na ga jan biro tun daga take har manazarta, kuma a gefen shafi na huɗu an rubuta tambaya ɗaya an ja mata layi biyu: nawa ne danshin hatsin? Ban auna ba. Ko tunanin aunawa ban yi ba. Na saka ambulan a aljihun tebur na kulle, na yi kusan wata ban taɓa ta ba, in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Wani dattijon malami da muke ofis ɗaya ne ya lura, ya ce in kawo. Ya karanta a natse, ya cire tabarau, ya ce, "Wannan mutumin ya ba ki yininsa guda kyauta, ko sunanki bai sani ba." Na sake gwajin a kaka ta gaba da ma'aunin danshi, sakamakon ya canja a wuri ɗaya muhimmi. Da an buga ta yadda na fara turawa, da na sa wa kuskure sunana har abada.

Ga abin da za ka yi. Ka ajiye rahoton kwana uku. Sannan ka buɗe sabon fayil, ka kwafe kowace magana tasu ɗaya bayan ɗaya da lamba, a ƙarƙashin kowace ka rubuta abin da ka yi da shafi da layin da gyaran yake. Kada ka tsallake ko ɗaya, har wadda ta shafi waƙafi. Inda ka tabbata mai tantancewa ya yi kuskure, kana da damar ƙin bi, amma da hujja da ladabi: ka gode masa, ka kawo dalilinka da madogara. Kuma ka sake duba wurin, domin in masani ya kasa fahimtar jumlarka, mai yiwuwa jumlar ce ke da duhu, sai ka gyara ta ka ce ka fayyace. In su biyun sun saɓa wa juna, ka zaɓi ɗaya ka bayyana wa edita dalili, shi ne alƙali. Ka kiyaye wa'adin da aka ba ka, in ba zai ishe ka ba ka nemi ƙari tun kafin ya cika. In ka janye ka kai wani wuri ba tare da gyara ba, a ƙaramin fage ba abin mamaki ba ne takardar ta sake faɗawa hannun mutumin nan.

TAMBAYA: Mama, ni na yi aikin daga farko har ƙarshe tare da malamina. Yanzu wani babba a sashenmu ya ce a sa sunansa, abokan karatuna biyu kuma sun ce in sa su, su ma za su sa ni a tasu. Ina tsoron in ƙi.
Wani ɗalibin digiri na uku daga Zariya

AMSA: Ɗana, na fahimci tsoronka, kuma ba zan ce maka abu ne mai sauƙi ba, domin mutumin na iya zama a kwamitin da zai saurari kare kundinka. Amma ga ƙa'idar. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ya gindaya sharuɗɗa huɗu da fannoni da yawa suka ara: mutum ya ba da gudummawa ta gaske wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya shiga rubutawa ko gyara mai ma'ana, ya amince da kwafin ƙarshe, ya kuma yarda zai amsa tambaya a kan aikin. Duka huɗun ake so. Wanda ya ba ka aron ɗakin gwaji ko ya sa hannu a takardar izini, wurinsa sashen godiya.

Abokanka ka ce musu a'a kai tsaye. Sa suna ɗaukar alhaki ne. In gobe aka gano an ƙirƙiri alƙaluma a tasu maƙalar aka janye ta, sunanka na ciki, kuma janyewar tana nan a intanet kowa na gani. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Shi kuwa babban, kada ka tunkare shi kai kaɗai. Ka je wurin malaminka, shi ya kamata ya tsaya maka. Mujallu da yawa yanzu suna neman a rubuta abin da kowane marubuci ya yi, ka nuna masa wannan fom ɗin. Wata hanyar da na ga ta yi aiki ita ce a ba mutumin aiki na gaske: a kai masa maƙalar ya sake nazarin alƙaluman ko ya gyara sashen tattaunawa. In ya yi, ya cancanta. Sau da yawa da an kai aikin sai ya ce a bar shi kawai. Nan gaba kuma ku yanke maganar suna da jerinsu tun ranar da aka fara bincike.

TAMBAYA: Hajiya, wata takwas ke nan da na tura maƙala, shiru. Ina haɗa takarduna na CAMES, hukumar da ke tantance ƙarin girman malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, lokaci na ƙurewa. Zan iya tura ta wata mujallar, duk wadda ta riga amsawa shi ke nan?
Wani malamin jami'a daga Damagaram

AMSA: Malam, a'a. Tura maƙala ɗaya wuri biyu a lokaci guda laifi ne a wurin kusan kowace mujalla, kuma ka riga ka tabbatar musu ba za ka yi ba ranar da ka tura. In duka biyun suka buga, za a janye, kuma kwamitocin CAMES da kake shirya wa takardun masana ne da ke karanta irin waɗannan mujallu. Wata takwas dai ya yi yawa, kana da haƙƙin tambaya. Ka rubuta wa edita layi uku da lambar maƙalar da ranar turawa, ka nemi sanin inda aka kwana. In mako biyu ya wuce ka sake. In har yanzu shiru, ka rubuta cewa ka janye ta daga ranar kaza, ka aika wa edita da ofishin mujallar, ka adana kwafin saƙon, ka yi ƙoƙarin samun amsar da ta tabbatar, sannan ka kai wani wuri. Ko za ta shiga takardun bana, ban ba ka tabbaci ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka wadda kake so ta shiga zagaye na gaba, yanzu ne lokacin tura ta.

TAMBAYA: Mama Farfesa, ni adabin Hausa nake karanta, bincikena a kan waƙoƙin daka ne na matan ƙauyenmu. Dole sai da Turanci zan buga? Kuma ya halatta in sa ChatGPT ya taya ni?
Wata ɗaliba daga Birnin Kabi

AMSA: 'Yata, ba dole ba ne. Akwai mujallun ilimi da ke buga maƙaloli da Hausa: Harsunan Nijeriya da Algaita a Jami'ar Bayero, Harshe a Jami'ar Ahmadu Bello, Ɗunɗaye a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke kusa da ke. Fagena ba adabi ba ne, amma ina karanta su, kuma waƙar daka ta fi numfashi a harshen da aka rera ta. Ki dai tanadi tsakure na Turanci mai kyau, don wanda ke bincike daga nesa ya san aikin yana nan. Ki kula da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, ƙ da ɗ da ɓ su fito da lanƙwasarsu, raba kalma da haɗe ta su zauna daidai, sai dai baitocin waƙar ki bar su da karin harshen da matan suka yi su, kada ki mayar da su Kananci. Ki rubuta ƙauyen da ranar da kika naɗi kowace waƙa. Kuma ki nemi izinin matan, ki gaya musu za a buga, ki tambaye su ko suna so a ambaci sunansu, domin waƙar daka takan ɗauki habaici ga kishiya ko uwar miji, kuma mujalla na iya komawa ƙauyen a hannun wani ɗalibi.

Game da ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, kwamitin ɗa'ar ɗab'i na COPE ya bayyana a 2023 cewa ba za a sa ta a matsayin marubuciya ba, tun da ba ta iya ɗaukar alhaki, kuma wanda ya yi amfani da ita ya faɗa. Ki duba abin da mujallar da kika zaɓa ta ce. Gyaran nahawun tsakurenki na Turanci, wannan da sauƙi. Amma kada ki bari ta rubuta miki sharhi, kada kuma ki karɓi madogara daga gare ta, domin takan ƙago littafi da marubuci da shekara waɗanda ba su taɓa wanzuwa ba. A zangon da ya wuce wani ɗalibina ya kawo mini manazarta masu kyan gani, na ce mu nemo su tare a kwamfutar ofishina. Huɗu daga ciki babu su ko'ina, ya yi shiru yana kallon allon, sai da muka sake sashen daga tushe. Duk littafin da za ki ambata, ki tabbata kin riƙe shi a hannu ko kin buɗe shi da idonki, ki rubuta lambar shafin tun a lokacin. In kin gama daftarin farko ki turo mini ta adireshin wannan fili, zan miƙa wa wata abokiyar aikina a sashen harsunan Nijeriya ta duba miki, ni kuma ina so in karanta waƙoƙin.